Minti bakwai a Tokyo, kwana uku a Yamanaka

Ranar 27 ga Disamba na isa babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, babban birnin Japan, da sauran rabin awa jirgina ya tashi, kuma da gangan na yi sammakon. Tikitin Kagayaki ne a hannuna, jirgi mai tsananin gudu, irin wanda ake kira Shinkansen, da ke bin layin Hokuriku zuwa birnin Kanazawa, tafiyar kilomita 450 cikin kusan awa biyu da rabi, a kan kuɗi wajen yen 14,000. Duk mai niyyar wannan tafiya a ƙarshen shekara ya sani tun da wuri cewa a Kagayaki kowace kujera da mai ita. Ana buɗe sayar da tikiti wata ɗaya cif kafin ranar tafiya, da ƙarfe 10 na safe. Daga 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu kuwa ofisoshin gwamnati da kamfanoni da yawa a rufe suke, mutanen birni duk sun kama hanyar garuruwan iyayensu. Wanda ya yi sanya, sai dai ya yi tafiyarsa a tsaye.

Kallon masu share jirgi ne ya sa na yi sammakon. Jirgin da ya shigo Tokyo ta wannan ɓangare minti 12 yake tsayawa kafin ya juya. Masu sauka su cinye biyu, masu shiga su ɗauki uku, saura bakwai. Cikin bakwai ɗin nan ma'aikatan TESSEI, wani reshe na kamfanin jiragen ƙasa na JR East, suke gyara jirgin kaf. Tun bai iso ba sun jeru a bakin dandamali, kowa daidai inda ƙofar taragonsa za ta tsaya, jakar kayan aiki a gefen ƙafa. Yana shigowa suka rusuna. Ƙofa na buɗewa, ɗaya ya tsaya da leda a buɗe yana karɓar shara daga hannun masu sauka, yana yi musu godiya. Dabara ce: sharar da aka miƙo maka a ƙofa, ba sai ka durƙusa ƙarƙashin kujera nemanta ba.

Ta taga na bi wata dattijuwa da ido. Ita kaɗai ce a tarago mai kujeru kusan 100. Minti bakwai daƙiƙa 420 ke nan, wato kowace kujera daƙiƙa huɗu da ɗoriya. Duk da haka ban ga ta yi gudu ba. Ta fara da kwashe manyan tarkace daga aljihun kujeru, idonta na duba shantar kaya ta sama ko an manta wani abu. Aka juya kujeru suka fuskanci inda jirgin zai nufa. Ta dawo tana sauke teburin bayan kowace kujera, ta goge, ta mayar, ta ɗaga labulen taga, ta shafe bakin tagar, ta canza ƙyallen matashin kai in ya yi datti. Tsumman tebur daban, na taga daban. Sharar ƙasa ita ce ta ƙarshe, don duk abin da aka kakkaɓe daga sama can zai sauka. Wanda ya fara da ƙasa sau biyu zai yi shara. Shugaban ayari ya ratsa ya duba, suka fito suka sake jeruwa, suka rusuna wa masu jiran shiga.

Da can aikin nan ba shi da farin jini, ma'aikata na shiga suna fita. Wani jami'i mai suna Teruo Yabe da aka turo kamfanin a 2005 shi ya juya al'amarin. Ya sauya musu tufafin aiki, ya buɗe ƙofar karɓar shawara daga masu riƙe da tsintsiya, ya sa ana rubuta kyakkyawan aikin da wani ya ga abokinsa ya yi a karanta a gaban jama'a. Har makarantar kasuwanci ta Harvard ta mai da labarin darasi.

Da jirgi zai tashi na ga kwandasta ya miƙa yatsa ya nuna agogo, ya faɗi wani abu da ƙarfi, ya nuna fitilar ƙofa, ya sake faɗa. Baƙo zai zaci da wani yake magana, alhali da kansa yake. Suna kiran wannan shisa kanko: ka kalli abin da kake dubawa, ka nuna shi da yatsa, ka ambaci halin da yake ciki da bakinka. Aikin da mutum ya maimaita sau dubu ido kan wuce ta kansa bai gani ba, amma in hannu da baki da kunne suka sa kai, hankali dole ya dawo. Gwajin da cibiyar binciken fasahar jiragen ƙasa ta Japan ta yi a 1994 ya nuna kuskure na raguwa da kusan kashi 85 cikin ɗari. Ba a sayen komai kafin a yi shi. Mai fita daga gida ma zai iya nuna murhun gas ya ce "a kashe", ya nuna ƙofa ya ce "a kulle".

Kanazawa ta tarbe mu da ruwa haɗe da ƙanƙara. Mutanen garin na da wata magana: ko ka manta abincin rana, kada ka manta lema. Shi ya sa a ƙofar gabas ta tashar aka yi wata katafariyar rumfar gilashi a 2005, aka sa mata suna Motenashi, wato karɓar baƙi, da nufin ta zama lemar da gari ke miƙa wa wanda ya sauka. A tsakiyar manyan tituna akwai ƙananan bututu da ke fesa ruwan ƙarƙashin ƙasa don narkar da dusar ƙanƙara. Mota na jin daɗinsu, mai tafiya a ƙafa kuwa in takalminsa na shan ruwa ya shiga uku. A zo da takalmin da ruwa ba ya ratsawa, da safa ta canji.

Washegari na shiga lambun Kenrokuen, wanda gidan sarautar Maeda ya raina tsawon zamunna kafin a buɗe wa jama'a a 1874. Dusar ƙanƙarar wannan gaɓar teku jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, tana iya karya reshen da ya shekara ɗari yana girma. Saboda haka kowace ranar 1 ga Nuwamba masu lambu ke fara aikin yukitsuri. A kafa dogon sanda kusa da gindin bishiya, mutum ya hau can ƙololuwa ya riƙa jefo igiyoyin ciyawa, na ƙasa suna ɗaure kowace igiya a reshe, har bishiyar ta zama kamar an kifa mata lemar zare. Babbar bishiyar Karasaki ita kaɗai sanduna biyar take ci da igiya wajen 800. Igiyar da ta yi sako-sako ba ta ɗaukar nauyi, wadda aka ja da yawa kuma ta ɗaga reshen ta ɓata masa tsari. A tsakiyar Maris a kwance duka, Nuwamba na zagayowa a sake daga farko.

Ranar 28 ce, kuma ko'ina a gari ana kafa kadomatsu a bakin ƙofofi, wani ado na tarbar sabuwar shekara, na gora da aka yanke a karkace da rassan matsu, bishiyar nan mai ganye kamar allura. Akwai dalilin rububin. Ana ƙin kafa shi ranar 29 domin lafazin tara a harshensu ya yi kama da na wahala, ana kuma ƙin 31 domin adon kwana ɗaya raini ne ga abin da ake tarba. Su ma dai sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin adon an riga an yi osoji, babbar sharar ƙarshen shekara da gidaje da makarantu da ofisoshi ke yi: daga rufi zuwa ƙasa, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, a fitar da abin da aka shekara ba a taɓa ba, a sake takardar ƙofofin shoji da ta yage ko ta yi ja.

Ainihin inda na nufa shi ne Yamanaka, wani ƙaramin gari mai maɓuɓɓugar ruwan zafi a cikin duwatsun kudancin jihar Ishikawa, wadda Kanazawa ke cikinta. Tun 16 ga Maris 2024 Shinkansen ke tsayawa a tashar Kagaonsen, kimanin minti 20 daga Kanazawa, daga nan kuma mota ta hau da kai. Karɓar baƙi a yankin nan tsohuwar sana'a ce. A Awazu da ke kusa akwai masaukin Hoshi da ake lissafa kafuwarsa daga shekarar 718, yana hannun zuri'a ɗaya sama da kaka arba'in.

Riyokan ake kiran irin wannan masauki, kuma tsarinsa ya bambanta da na otal. Kuɗin kowane mutum ake biya, ba na ɗaki ba, kuma ya haɗa da abincin dare da na safe. Matsakaici mai kyau kan kama daga yen 20,000 zuwa 40,000 a kwana, lokacin sabuwar shekara ya haura. Akwai harajin wanka na yen 150. Shiga ƙarfe 3 na rana, fita 10 na safe. Wanda ya fasa zuwa a ranar yakan biya kuɗin duka, don an riga an sayo kifinsa an yanka.

Kwana uku kafin zuwana aka aiko mini da tambayoyi: jirgin ƙarfe nawa zan sauka, akwai abin da ba na ci, akwai abin da jikina ba ya karɓa, gwiwata na jure zaman ƙasa ko a sa kujera. Ga musulmi wannan ita ce gaɓar da ba a wasa da ita. Cewa "ba na cin naman alade" bai wadatar ba. Girkin Japan cike yake da mirin da sake, dukansu giyar shinkafa ce da ake zubawa a miya da romo da abin tsoma kifi. Sai an ambace su da suna, a rubuce, kwanaki kafin zuwa. Wasu gidajen za su ce za su iya, wasu su ce ba za su iya ba, kuma na fi ganin girman wanda ya faɗi gaskiya tun da wuri. Inda matsala ta fi faruwa shi ne tsakanin shafin intanet da aka kama ɗaki ta kansa da madafa: bayanin ya tsaya a kwamfutar teburin karɓar baƙi, mai dafuwa bai gani ba. Maganinsa a kira gidan kai tsaye a tabbatar.

Motar gidan na jira a tasha kafin jirgi ya tsaya. Da muka isa, dutsen bakin ƙofa a jiƙe yake da ruwan da aka yayyafa, alamar an share an shirya. A zaure ake tuɓe takalmi, a hau dandamalin katako, a zura silifas. Wani ma'aikaci ya juya takalmina ya fuskanci waje, daga baya na tarar an cusa masa takarda ta tsotse damshin. Akwatina kuwa sai da aka kwantar da shi aka goge tayoyinsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ɗauke shi a hannu. Ba a jan akwati a kan tatami, tabarmar ciyawar igusa da aka shimfiɗe ɗaki da ita, kowace ɗaya kimanin santimita 90 a 180. Taya na tsinka saƙar, kuma gyaranta sai an cire fallen gaba ɗaya. Silifas ma a bakin ɗaki yake tsayawa. Banɗaki na da nasa silifas ɗin, kuma kusan kowane baƙo sai ya manta ya fito da shi sau ɗaya.

Matar da aka ba wa ɗakina, nakai ake ce wa mai wannan aiki, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta zuge ta kaɗan da hannu ɗaya, ta ƙarasa da ɗayan. Ta zaunar da ni a gefen da bayana ke kallon tokonoma, ɗan lungun da ake rataye rubutu da ajiye fure, nan ne mazaunin girmamawa. Ba a ajiye jaka a lungun nan, ba a zama a ciki. Ta miƙo ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu, sannan ta haɗa shayi a gabana. Ba ta zuba tafasasshen ruwa kan ganyen ba. Ta fara juye shi a kofuna, ya ɗumama su, shi kuma ya huce zuwa wajen digiri 70 ko 80, sannan ta mayar a buta kan ganyen sencha, wato koren shayi, ta jira minti ɗaya. Ruwan da ya wuce haka zafi ɗaci yake fitowa da shi. Ta tsiyaye butar har ɗigon ƙarshe, domin ruwan da ya saura a ciki ɓata zubi na biyu yake yi. Shayin gargajiyar yankin, Kaga bocha, na gasasshen karan ganye ne, shi kam tafasasshen ruwa yake so. Alawar da ke gefen kofi ma da aikinta: kada mutum ya shiga ruwan zafi da yunwa jiri ya ɗebe shi.

Cikin mintuna goman nan ta gama aunani ba tare da na lura ba. Ta dubi tsayina ta canza yukata, rigar auduga da baƙi ke sawa a cikin gida, da wadda ta fi tsawo. Ta ga na karɓi kofi da dama. Ta tambayi lokacin abincin dare, 6 ko 6 da rabi ko 7, da na karin kumallo. Ta nuna mini tocila a jikin bango da taswirar hanyar fita, ta ce in taka zuwa matakalar gaggawa in gan ta da idona. A wannan jiha ba a ɗaukar maganar da wasa: ranar 1 ga Janairu 2024, ƙarfe 4 da minti 10 na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.6 ta afka wa yankin Noto a arewacin Ishikawa, daidai lokacin da masaukai ke cike da baƙin hutu, kuma masaukai da yawa a Wakura, wani garin ruwan zafi na yankin, sun daɗe a rufe bayanta.

Yukata ana ɗora ɓangaren hagu a kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa.

Sai wanka. Masu magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, to a onsen, wato wurin wankan maɓuɓɓugar ruwan zafi, maganar ta wuce karin magana, domin babban wurin wankan na tarayya ne kuma ba a shiga da sutura, maza daban mata daban. Wanda ba zai iya ba, kamar ni, yana da mafita biyu: ya kama ɗaki mai nasa kwamin, ko ya nemi kashikiri, ƙaramin wurin wanka da ake ba mutum shi kaɗai ko da iyalinsa na minti 45 zuwa 50. A nemi lokaci tun wajen shiga, don na bayan la'asar da wuri yake ƙarewa. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina. A zauna a kan 'yar kujera a yi wanka da sabulu a ɗauraye tas kafin a shiga kwami. A fara watsa ruwan zafin daga ƙafa zuwa sama don jiki ya saba. Tawul ba ya taɓa ruwan. Zafin yakan tsaya tsakanin digiri 40 da 42, kuma minti goma ya isa a fito a huta. Haɗarin hunturu shi ne fita daga ɗaki mai sanyi a faɗa ruwan zafi kai tsaye, hawan jini ya yi sama ya faɗo, tsofaffi sun fi shiga wannan. Shi ya sa gidan kirki ke ɗumama ɗakin tuɓe kaya ya kuma ajiye ruwan sha a ƙofa. A jikin bango na ga takardar da ake rubuta awon zafin ruwa da sa hannun wanda ya auna. Ruwan ɗumi da ke zagayawa cikin bututu gidan ƙwayar legionella ne in aka yi sakaci, don haka ƙa'ida ta wajabta zubar da shi a wanke kwamin aƙalla sau ɗaya a mako.

Abincin dare kaiseki ne, kwano wajen goma da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya cikin kusan awa biyu, shinkafa a ƙarshe. A nan na gane abin da ya sa suke tsananta maganar lokaci. Madafa na lissafi ne da baya-baya daga lokacin da ka zaɓa. Abin da ake soyawa a mai mai zafin digiri 170 zuwa 180 mintuna kaɗan yake yi kafin ya yi laushi, romo kuma ana zuba shi ne lokacin da aka ga ka kusa gama kwanon da ke gabanka. In ka makara da minti 20, ka rusa jerin ɗakuna biyar. Hunturu lokacin ƙaguwa ne da kifin buri a wannan teku, su suka mamaye tiren.

Ginshiƙin girkin shi ne dashi, kuma haɗinsa bai da wuya a faɗa: lita ɗaya ta ruwa, giram 10 na kombu, busasshiyar ciyawar teku, da giram 20 na katsuobushi, busasshen kifi da aka fere kamar takarda. A jiƙa kombu rabin awa, a ɗora a wuta marar ƙarfi, a cire shi dab da tafasa. In ya tafasa a ciki romon ya yi yauƙi da ɗaci. A kashe wuta, a zuba kifin, minti ɗaya zuwa biyu, a tace ba tare da matsewa ba, don matsi ƙarni yake fitarwa ya kuma gurɓata ruwan. Shinkafa ana wanke ta da sauri a zubar da ruwan farko nan take, a jiƙa rabin awa da zafi, awa ɗaya da sanyi, a bar ta minti goma a rufe bayan ta nuna. Romon a akushin katako mai murfi yake zuwa, aikin masassaƙan Yamanaka da suka shahara da shi. Murfin kan manne saboda tururi. Kada a fizge shi. A ɗan matsa bakin akushin da yatsu biyu, iska ta shiga, ya saki da kansa.

A daren farko an yi kuskure. Kwano na huɗu ya zo da wani ruwan miya mai sheƙi, kafin in ɗaga tsinken cin abinci nakai ta dubi katin abin da ba na ci da ke cikin ɗamararta, ta dubi kwanon, ta ɗauke shi. Ta ba da haƙuri sau ɗaya, a taƙaice, ba ta ɗora wa madafa laifi ba, ba ta kuma tsaya dogon bayani ba. Ta kawo kwano na gaba don kada tebur ya zauna fayau, cikin minti goma wani kifin ya dawo gasasshe da gishiri kawai. Bayan an gama okami, uwar gidan da ke shugabantar ma'aikata, ta zo da kanta ta faɗi abin da ya faru: an jera tirena a layi ɗaya da na sauran ɗakuna, mai zuba miya ya bi layi ya zuba wa kowa. Daga washegari tirena da ɗan kati ja a maƙale, kuma a wani kanta daban ake jera shi. Kuskuren bai sake dawowa ba.

Ina can wurin cin abinci wasu suka shiga ɗakin kwanana suka matsar da tebur suka shimfiɗa futon, katifar da ake kwanciya a kai a ƙasa, da butar ruwan sanyi a gefen matashi da 'yar fitila a ƙasa. Da safe bayan baƙi sun fita na ga yadda ake gyaran ɗaki ta wata ƙofa da aka bari a buɗe. Tagogi a wangale duk da sanyin. Ana share tatami ta bin layin saƙarta, don in aka gitta ƙura cusuwa take yi a ciki. Busasshen tsumma ake sa mata, jiƙaƙƙe na jawo fumfuna. Katifa ba a naɗe ta da ɗuminta a tura kabad, sai ta sha iska gumin dare ya fita. Daga ƙarshe mai dubawa ta zauna a daidai inda baƙo zai zauna ta waiwaya ko'ina. Wanda ke tsaye ba ya ganin ƙurar ƙarƙashin tebur, baƙon riyokan kuwa a ƙasa yake wuni.

Daren 31 aka kawo toshikoshi soba, taliyar tsallake shekara, can cikin dare kuma ƙararrawar wani wurin ibada ta fara bugu 108 da aka saba. Da safe aka kawo osechi cikin akwatuna masu hawa-hawa. Kowane abu a ciki da fatan da yake ɗauke da shi: baƙin wake don lafiya da ƙwazo, ƙwan kifi don yawan zuri'a, jatan lande mai lanƙwasasshen baya don tsawon rai. Hikimar girkin ta fi burge ni. Komai an dafa shi da sukari ko gishiri ko ruwan tsami sosai yadda zai kwana uku bai lalace ba, don mai girkin gida ita ma ta huta ta zauna da baƙinta. A teburin wasu tsofaffi da ke kusa da ni na lura an yayyanka musu mochi ƙanana. Wannan curin shinkafa mai danƙo yana maƙale wa mutane a maƙogwaro, kuma duk sabuwar shekara sai an kai tsofaffi asibiti a kansa, wasu su rasa rai. Ba su roƙa ba. Shekarunsu aka gani a takardar kama ɗaki.

Ba zan ce komai na tsarin ya kwanta mini ba. Taurinsa na da yawa. Mai son ya yi barci har hantsi, ko ya ci abinci lokacin da yunwa ta kama shi, zai ji kamar a makarantar kwana yake. Kuma nauyin a wuyan wasu yake. Matar da ta kawo mini karin kumallo ƙarfe 7 da rabi ita ce ta kwashe kwanukan dare wajen ƙarfe 9. Galibin nakai haka suke aiki, safe da dare, da dogon hutu a tsakiyar rana wanda ba ya isa a yi wata hidimar kai, ga durƙuso da tashi da tire sau ba adadi. Matasa na gudun aikin. Riyokan sun haura 80,000 a faɗin Japan a 1980, zuwa 2017 ba su kai 40,000 ba. Gidaje da yawa yanzu sun daina kai abinci ɗaki sun koma zauren cin abinci, wasu na shimfiɗa futon tun kafin baƙo ya iso. Masu son tsohon yayi na gunaguni, ni kuwa ban ga aibin sauƙin da zai sa ma'aikaciya ta kai shekara goma a aiki ba tare da gwiwarta ta lalace ba.

Ba a ba da tukwici a Japan, in ka bar kuɗi a tebur za a biyo ka da su. A riyokan akwai tsohuwar al'adar kokorozuke, yen 1,000 zuwa 3,000 a cikin 'yar ambulan, a miƙa wa nakai a farkon zama, ba tsirarar takardar kuɗi ba. Ba dole ba ne, wasu gidajen ma ba sa karɓa. Mai babban akwati kuma zai iya ba teburin karɓar baƙi su tura masa ta takkyubin, wato kamfanonin kai kaya, zuwa masaukinsa na gaba ko filin jirgin sama, yawanci ya isa washegari a kan yen dubu biyu zuwa uku, amma a ƙara kwana ɗaya a lissafi saboda dusar ƙanƙara da cunkoson hutu.

Ƙarfe 10 saura na ranar 1 ga Janairu na sauko. Takalmina na zaure, a bushe, da ɗan ɗumi a ciki. Okami da nakai da mai ɗaukar kaya suka fito har waje cikin yayyafin ƙanƙara, ba wanda ya riƙe lema sai wadda aka riƙa mini zuwa ƙofar mota. Motar ta tashi suka rusuna. Na waiwaya a ƙarshen layi suna nan tsaye suna ɗaga hannu, domin ƙa'idar ita ce ba a juya baya sai baƙo ya ɓace wa ido. Muna shan kwana na hango tagogin hawa na biyu ana zuge su ɗaya bayan ɗaya. Saura awa biyar baƙin ƙarfe 3 su iso.